Mafarkin ƙera jirgi da bindigar feshin da ba a wanke ba

Duk bayan 'yan shekaru sai labari ya karaɗe Kano cewa wani matashi ya ƙera jirgin sama a bayan gidansu. Wanda ya fi yin fice a cikin irin waɗannan labarai shi ne na Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, wanda kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya kai labarinsa duniya a watan Oktoba na 2007, lokacin yana da shekara 24. A cewar rahoton, wata takwas ya shafe yana harhaɗa jirgi mai saukar ungulu mai kujera huɗu, da tarkacen alminiyam da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jirgin launin rawaya ne, kuma ya ɗaga daga ƙasa sau shida, kodayake bai taɓa wuce ƙafa bakwai ba.

Idan irin wannan labari ya fito, tambaya biyu jama'a kan yi: shin ya tashi, kuma shin gwamnati za ta tallafa masa? Dukansu suna kan hanya. Amma akwai ta uku da ba a yi, wadda ta fi su bayyana matsayinmu a fagen ƙere-ƙere: idan wani ɗan Kano ya kammala jirgin da ya cika ƙa'ida gobe, ya tura shi garejin masu fenti na Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, shin za a fesa masa fenti yadda jirgi yake buƙata, ba tare da an lalata aikin ba, kuma ba tare da mai feshin ya sayar da huhunsa ba?

Ra'ayina shi ne hannun yana nan, amma awo da tsafta da kariya ne suka yi ƙaranci. Ma'aunin da zai nuna haka kuwa ɗan ƙarami ne: abin da ake yi wa bindigar feshi a cikin minti goma sha biyar na bayan kammala aiki.

Fenti a jikin jirgi ya wuce ado

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na rundunar sojin saman Ingila suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Su ne jiragen farko da suka sauka a Najeriya. Fukafukansu katako ne da aka lulluɓe da yadi, sannan aka shafe yadin da wani sinadari da ke ɗame shi kamar fatar ganga, ya hana iska da ruwa ratsa shi. In babu wannan shafi, yadin ba zai ɗauki jirgi ba. Ke nan tun farkon al'amarin, abin da ake shafa wa jirgi yana cikin ginin jirgin.

Yau yawancin ƙananan jirage da alminiyam ake yin su. Alminiyam ba ya jar tsatsa irin ta ƙarfe, amma yana da tasa cutar, wata farar hoda da ke cin sa a ɓoye, musamman a mahaɗar faranti da gindin ƙusoshi. Shi ya sa ake wanke shi daga duk wani maiƙo, a goge shi da abin da babu ƙarfe a cikinsa, a shafa masa sinadarin da zai sa fenti ya kama, kafin a fesa shimfiɗar farko. Buroshin ƙarfe da mai fentin mota ya saba kankare tsatsa da shi haramtacce ne a nan, domin ɓurɓushin ƙarfen da zai maƙale a jikin alminiyam shi zai haifar da cutar da ake gudu. Haka nan ba a cika lotsawa da ƙullun ciko mai kauri yadda ake yi wa ƙofar mota, ba a kuma goge kan ƙusa da samfefa don a sami santsi, saboda kan ƙusar ne ke riƙe da farantin.

Sai batun nauyi. A tafiya biyu na farko da kumbon Columbia na Amurka ya yi a 1981, an yi wa babbar tankin mansa farin fenti. Daga tafiya ta uku aka daina, kuma hakan kaɗai ya rage nauyin kimanin kilo 270. A ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum biyu, duk kilo ɗaya na fentin da ya wuce kima ya cinye gurbin mai ko kaya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne sassan da ke motsi a gefen fukafukai da wutsiya, waɗanda matuƙi ke sarrafa jirgi da su. An daidaita nauyinsu da awo, kuma idan fenti ya yi yawa a gefensu na baya, suna iya kama karkarwa a sama har su ɓalle cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Don haka ƙa'ida ita ce a sake auna daidaitonsu bayan fenti, a kuma sake ɗora jirgin gaba ɗaya a kan sikeli.

Akwai kuma ƙananan ramuka a jikin jirgi da ke kai matsin iska ga na'urorin da ke gaya wa matuƙi tsayi da gudu. Dole mai fenti ya rufe su da salatif, dole kuma ya cire bayan ya gama. Ranar 2 ga Oktoba, 1996, jirgin kamfanin Aeroperú samfurin Boeing 757 ya tashi daga Lima, babban birnin Peru, ya faɗa teku da mutum 70, babu wanda ya tsira. Bincike ya gano cewa salatif ɗin da aka manna a kan irin waɗannan ramuka lokacin tsabtace jirgin ne aka manta ba a cire ba. Mai fentin jirgi yakan ƙirga duk abin da ya manna, ya rubuta, ya sake ƙirgawa wajen cirewa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa jirgin da ake haɗawa a gida wasan yara ne. A Amurka doka ta amince mutum ya gina jirginsa ya yi masa rajista, muddin shi ya yi mafi yawan aikin da hannunsa, kuma masu wannan sha'awa suna da ƙungiya tun 1953, wadda ke taron shekara-shekara a garin Oshkosh. Mu ma nan mun taɓa cin moriyar abin. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin Rundunar Sojin Saman Najeriya, an ɗauko shi ne daga RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, jirgin da dubban mutane suka haɗa irinsa a garejin gidajensu. Abin da ya raba su da mu shi ne bin takarda, layi bayan layi.

Hannun da ke Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Duk wanda ya bi titin Zariya ya ratsa ta Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya kutsa lungunan da ke tsakanin titin Kotu da titin Gidan Zu da kasuwar Tarauni, zai ga garejoji inda makanike da mai walda da mai gyaran jikin mota da mai fenti ke aiki kafaɗa da kafaɗa. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin a watan Janairu na 2013, baburan A Daidaita Sahu suka cika tituna, kuma launinsu na rawaya ya zama abincin yau da gobe ga masu fenti, ban da motocin gida da ƙofofin ƙarfe da gadaje.

A cikin waɗannan mutane akwai gwanaye na gaske. Akwai wanda zai kalli murfin tankin mota ya haɗa launinsa da ido, har mai motar ya kasa nuna inda aka yi gyara. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da marinar Ƙofar Mata ta shafe ɗaruruwan shekaru tana koyar da cewa launi yana da lokaci da gwargwado. Sai dai yanayin aikin ya saba wa gwanintar: fili ne buɗaɗɗe ko rumfar kwano, injin matsa iska ɗaya da ya ga jiya ya ga yau, bindiga ɗaya da ke fesa shimfiɗar farko da launi da ƙyalli, wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, da mai mota da ke tsaye yana duba agogo. A mota, sakamakon wannan shi ne fenti ya dusashe ko ya ɓare bayan damina ɗaya. A jirgi kuwa, sakamakon rai ne.

Yadda bindigar take aiki

Asalin wannan na'ura yana da ban sha'awa. A 1888 wani likita a garin Toledo na jihar Ohio, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya. A 1907 ɗansa Thomas ya mayar da wannan dabara ta fesa fenti. Da kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa a farkon shekarun 1920, aikin fentin mota da ke cin makonni da buroshi ya ragu ƙwarai, bindigar feshi ta zama sarauniyar masana'antu.

Sassanta kaɗan ne. Akwai kofin da ake zuba fenti, da hancin da fenti ke fita ta cikinsa, da allurar da ke toshe hancin, da hular iska mai ƙaho biyu, da kunama. Idan aka ja kunama kaɗan, iska ce kawai ke fita. Idan aka ƙara ja, allura ta ja baya, fenti ya fito, iskar tsakiyar hula ta farfasa shi ya zama raɓa, iskar ƙahonnin kuma ta matse raɓar ta baje kamar mafici. Faɗin ramin hancin da ake fesa launi da ƙyalli da shi yawanci milimita 1.3 ne ko 1.4, na shimfiɗar farko mai kauri kuwa yakan kai 1.8 ko 2. Ramukan hular sun fi haka ƙanƙanta. Duk ingancin aikin ya rataya ne a kan waɗannan ramuka da ba su kai ƙwayar gero ba.

Tsohuwar bindiga mai ƙarfin iska tana watsa fiye da rabin fentin a iska, ya tafi jikin bango da tufafi da huhun maƙwabta. Sabon samfurin da ake kira HVLP yana amfani da iska mai yawa amma marar ƙarfi, wadda a bakin hula ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota ba, kuma an tsara shi ya kai aƙalla kashi 65 cikin 100 na fentin jikin abin da ake fesawa. Sharaɗinsa shi ne injin matsa iska mai wadatar numfashi da tiyo mai faɗi. Wanda ya haɗa shi da ƙaramin inji zai ga fentinsa ya fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemo, ya ɗora wa bindigar laifi.

Awo kafin feshi

Fentin zamani mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da sinadarin ƙarfafawa, ba bushewa kawai yake yi ba, daskarewa yake ta hanyar haɗuwar sinadaran biyu. Kowane kamfani yana fitar da takardar da ke faɗin gwargwadon haɗin, ko biyu da ɗaya ko huɗu da ɗaya, da yawan tina, da faɗin hanci, da mintunan da za a jira tsakanin shafi da shafi, da tsawon lokacin da haɗin zai yi kafin ya mutu. Idan sinadarin ƙarfafawa ya gaza, fenti ba zai taɓa yin tauri ba. Idan ya zarce, zai yi gautsi ya tsattsage. Kofin awo mai zane da mataci na takarda ba su kai kuɗin kwanon abinci ba, amma su ne suka raba aikin ƙa'ida da na kintace.

Iskar ma sai an tace ta. Idan inji ya matse iska, ruwan da ke cikinta yakan taru a gindin tanki, tsohon inji kuma yakan haɗa da mai. Ɗigon ruwa ko mai ɗaya da ya bi tiyo zai bar rami a fenti mai kama da idon kifi. Maganinsa a buɗe ƙasan tanki kullum a zubar da ruwan, a kuma sa matacin ruwa nesa da inji, inda iskar ta riga ta huce.

Wajen feshin, ana riƙe bindiga tana fuskantar aikin kai-tsaye, da tazarar santimita 15 zuwa 20, wato kamar taƙi guda. Kafaɗa da jiki ne ke tafiya, wuyan hannu ba ya lanƙwasa, domin lilo da hannu yana sa tsakiya ta yi kauri gefe ya bushe. Kowane layi ya hau kan rabin wanda ya gabace shi. A fara motsi kafin a ja kunama, a sake ta kafin a tsaya. Kafin a taɓa aikin kuwa, a gwada a jikin takarda a ga siffar feshin.

Sannan Kano tana da nata sharuɗɗan. Takardun kamfanoni galibi da zafin digiri 20 suke lissafi, alhali a bazararmu, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura 40. A irin wannan yanayi tina mai saurin tashi takan bushe kafin fenti ya isa jikin ƙarfe, ya sauka kamar yashi, haɗin da ke cikin kofi kuma ya mutu da wuri. Sai a nemi tina mai jinkiri, a yi aikin da sanyin safiya, a guji ƙarfen da rana ta gasa. A hunturu ƙura ce abokiyar gaba, don haka ake yayyafa ruwa a ƙasa, a kewaye wurin da leda, a goge aikin da tsumma mai kama ƙura daf da feshi. A tsakiyar damina laima takan sa wasu nau'o'in fenti su yi fari-fari kamar hazo. Wanda ya san waɗannan bai buƙatar ya ce kayan ne jabu duk lokacin da aiki ya ƙi.

Minti goma sha biyar na ƙarshe

A nan ne ake gane gwani. Tsohon fenti mai haɗi ɗaya ko ya bushe a cikin bindiga, tina tana narkar da shi washegari. Mai haɗi biyu idan ya daskare, tina ba ta da iko a kansa. Ɗabi'ar da aka gada daga zamanin tsohon fenti, ta a zuba tina a kofi a girgiza a fesa sau biyu a rataye, ita ke kashe bindigogi a yau.

Wankin ƙa'ida ba shi da wuya. Da zarar an gama, a cire tiyon iska, a juye ragowar fenti a gwangwanin shara, a goge kofin da tsumma. A zuba tina kaɗan, a ja kunama ta bi hanyar fenti ta zuba cikin gwangwani har ta fito fes. Sai a kwance hular iska. A zare allura ta baya, ko a riƙe kunama a ja kafin a kwance hanci, domin idan aka murɗa hanci allura tana zaune a cikinsa, za ta ci bakinsa, bindigar ta fara ɗiga. A yi amfani da sifanar da ta zo da bindigar, filaya tana tauna ƙarfen. A jiƙa hula da hanci da allura kaɗai a tina, a wanke su da buroshi mai laushi, a bi hanyar fenti da siririn buroshi, a busar da iska, a mayar. Allura kuwa a kula da bakinta, in ta faɗi ƙasa ta lanƙwashe aikinta ya ƙare.

Abubuwa uku ne ba a yi. Na farko, ba a tsokane ramukan hula da waya ko ƙusa ko allurar ɗinki, saboda ramin da ya faɗaɗa ko ya karce ba ya komawa, kuma feshin ya karkace ke nan har abada. Tsinken itace mai laushi ya wadatar. Na biyu, ba a nutsa bindiga dungurungum a bokitin tina a kwana, domin tina tana busar da robobin da ke hana yoyo, tana kuma kai datti cikin hanyoyin iska inda buroshi ba ya isa. Na uku, ba a shafa mata man inji ko man ƙyallin taya mai sinadarin silikon, domin shi ne babban mai haddasa idon kifi. Akwai mai na musamman da ake ɗiga wa allura da mahaɗar kunama.

Bindiga tana faɗin ciwonta a jikin takardar gwaji. Idan feshin ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, ɗaya daga ramukan ƙaho ya toshe ko bakin hanci ya yi datti. A juya hular a sake gwadawa: in lanƙwasar ta koma ɗaya gefen, laifin hula ne, in ta tsaya inda take, na hanci ne. Idan tana tofi tana yankewa, ko hanci bai ɗauru ba, ko ɗan ramin numfashi da ke murfin kofi ya toshe. Ga wanda zai fesa wa jirgi, ya kamata bindigar shimfiɗar farko ta zama daban da ta launi. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Huhun yaron gareji

A garejojinmu, wanke bindiga aikin ƙaramin yaro ne, wanda bai daɗe da zuwa koyon sana'a ba. Shi ke tsoma hannu a tina, shi ke fesa ta a iska yana tsaye cikin tururinta, shi ke wanke fenti daga fatarsa da fetur. Ke nan an ɗora aiki mafi muhimmanci kuma mai haɗari a kan wanda ya fi kowa ƙarancin sani.

Sinadarin ƙarfafa fenti mai haɗi biyu yana ɗauke da wani abu da ake kira aisosayanet. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana sanya masu fesa wa motoci fenti cikin waɗanda suka fi kowa kamuwa da ciwon asma ta dalilin sana'a, kuma wannan sinadari ne sanadi. Raɓarsa mafi laushi ido ba ya ganinta, kuma tana daɗewa a iska bayan an saki kunama. Idan jikin mutum ya riga ya ƙi shi, ko kaɗan ya shaƙa ƙirjinsa zai toshe, abin da ke nufin rabuwa da sana'ar. Hankici da takunkumin takarda ba sa tare shi. Kariyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce hular da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Mafi ƙarancin abin da za a nema shi ne takunkumi mai matatar gawayi da ake sauya ta a kan kari, tare da safar hannu da tabarau da iska mai ratsa wurin.

Tina da fetur kuma suna shiga jiki ta numfashi da ta fata, suna taɓa ƙwaƙwalwa da hanta, fetur kuma yana ɗauke da sinadarin benzin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Wannan tsohuwar matsala ce a sana'ar jirgi: a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ma'aikatan da ke shafa wa yadin fukafukai sinadari a masana'antun Ingila sun yi ta kamuwa da shawara mai kisa, har aka sauya haɗin. Imanin da ya yaɗu a tsakanin masu fentinmu cewa gwangwanin madara yana wanke abin da aka shaƙa ba shi da tushe. Madara ciki take zuwa, raɓar fenti kuwa huhu ta tafi.

Akwai kuma dalma. A tarihin sana'ar, launin rawaya da ja da ruwan lemo su suka fi ɗaukar sinadaran dalma, kuma iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shawartar ƙasashe su kafa ita ce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Arewa ta ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. A garin da dubban ababen hawa ke sanye da rawaya, ana kankare ta ana sake fesawa kullum, ya dace a kai fentin da ke kasuwanninmu ɗakin gwaji. Ragowar tina da ake tuttulawa a kwata ma ba ɓacewa take ba, a unguwannin da jama'a ke shan ruwan rijiya da na burtsatse. Tururinta kuma yana kamawa da tartsatsin walda ko janareta ko guntun taba.

Abin da ya kamata a yi

Ba sai an jira Abuja ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, tafiyar ƙafa daga yawancin waɗannan garejoji. Gwajin ƙarfin numfashi abu ne na 'yan mintuna. Idan shugabannin ƙungiyoyin masu gareji da Ƙaramar Hukumar Tarauni suka nemi haɗin kan likitocin lafiyar al'umma, za a iya gwada masu fenti sau ɗaya a shekara, a gano mai matsala tun kafin ta yi nisa.

Na biyu, ɗakin feshi na haɗin gwiwa. Mai fenti ɗaya ba zai iya gina ɗaki mai fanka da matatar iska ba, amma goma za su iya, kowa ya biya kuɗin awannin da ya yi. Zai kare lafiyarsu da ta maƙwabta, ya rage asarar fenti, ya kuma ba su damar karɓar aikin da yanzu ake kaiwa wasu garuruwa.

Na uku, ilimi cikin harshen da mai sana'a ke ji. Takardun fenti da Turanci suke zuwa, da ƙananan haruffa. Dillalan da ke cin ribar sayar da shi su ɗauki nauyin fassara gwargwadon haɗi da gargaɗin lafiya zuwa Hausa. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Ilimin Fasaha ta NBTE da ke Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, suna da hurumin shirya gajeren horo da ba da shaidar ƙwarewa ga wanda ya koyi sana'a a gareji. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964 tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, ba ta da nisa da Kano. Kwana uku a can za su nuna wa gwanin fentin mota bambancin ƙofar mota da fiffiken jirgi.

Na ƙarshe yana hannun iyayen gida na garejoji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka koya wa kwance bindiga, ya jera sassanta a kan tsumma mai tsabta, ya wanke su da safar hannu, ya mayar ba tare da ya rage ko ɗaya ba, ya riga ya koyi ɗabi'ar da sana'ar jirgin sama ta ginu a kanta, wato kammala aikin da babu mai dubawa. Matasanmu masu ƙera jirage a bayan gida sun nuna cewa basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Ranar da ɗayansu zai kawo jirgin da hukumar kula da sufurin jiragen sama za ta amince ya tashi, zai buƙaci mai walda da mai haɗa waya da mai fenti waɗanda zai iya damƙa wa ransa. Shirin samar da su yana farawa ne yau da yamma, a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, lokacin da aka kashe inji, maigida ya tsaya a kan yaronsa har ya ga an wanke bindigar yadda ya kamata.